Saƙon da Ke Shiga Har Ƙuryar Ƙwayar Jiki: Yadda Sankara Ke Samun Abin Ci Gaba

  

Yau da tambaya za mu fara. Mata biyu sun je asibiti ɗaya, kowacce da ƙullutu a nono, likita ya ce dukansu sankara ce. An yi musu aiki. Ranar sallama sai aka rubuta wa ɗaya wata 'yar ƙwaya, aka ce ta riƙa sha kullum har shekara biyar, ɗayar kuma aka ce wannan ƙwayar ba za ta yi mata komai ba. Mutanenmu in suka ga haka sai su ce an yi son kai, ko kuwa likitan bai san aikinsa ba. To ba haka ba ne. Dalilin yana can cikin ƙwayar jiki, wurin da ido ba ya gani, kuma can za mu leƙa yau.

Jikin babban mutum yana da ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani mai maiƙo, a tsakiyarta kuma, in ban da irin jajayen ƙwayoyin jini, akwai cibiya, inda kundin gado yake, wanda masana ke kira DNA. Ƙwayar jiki ba ta yin gaban kanta. Ba ta rabuwa gida biyu sai an ce ta rabu, ba ta tsayawa sai an ce ta tsaya, har mutuwarta ma da umarni take. In ka yanke da wuƙa, ƙwayoyin bakin ciwon suna samun saƙo su hayayyafa, in wurin ya cike wani saƙon ya zo ya tsayar da su. Sankara, ko ciwon daji, ita ce lokacin da wannan tsari ya lalace: ƙwaya ta riƙa jin "hayayyafa" ba dare ba rana, ta toshe kunne ga "tsaya".

Ta yaya saƙon ke isa? Ku ɗauki gidan malam Bahaushe. Akwai ɗan aiken da iyakarsa zaure. Zai yi sallama, ya faɗa wa wanda ya tarar, wannan ya faɗa wa yaro, yaro ya shiga ya faɗa wa uwargida, ita ta kai wa maigida. Akwai kuma ɗan gida, wanda ba ya tsayawa a zaure, kai tsaye yake wucewa har turaka ya yi magana da maigida baki da baki. Saƙonnin jiki ma kashi biyu ne haka.

Na zauren su ne irin su insulin da sinadaran da ke sa girma. Ba sa iya ratsa tantanin ƙwaya, sai su manne da wani furotin da ke jiransu a jikinta daga waje, wanda za mu kira makarɓi. Shi zai taɓa wani furotin a ciki, wancan ya taɓa wani, har magana ta kai cibiya. A kowane mataki ana iya samun ɓarna. Akwai furotin mai suna RAS wanda in ya lalace sai ya maƙale yana ta isar da saƙon da ba wanda ya aiko. Ana samun irin wannan lalacewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar wata gaɓar ciki da likitoci ke kira fankiriyas. Akwai kuma HER2, makarɓin da ke yin yawa fiye da ƙima a kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na sankarar nono. Wani likita a Amurka, Dennis Slamon, ya nuna muhimmancinsa a 1987, aka kuma amince da maganin da ke toshe shi, trastuzumab, a 1998. Wannan babi ne mai zaman kansa, za mu ba shi ranarsa.

Yau 'yan gida muke nufi. Su ne sinadaran homon masu narkewa a maiƙo: istrojin da furojestaron na mata, testosteron na maza, kotisol, sinadarin ƙullin wuyan nan da in ya kumbura ake cewa maƙoƙo, da bitamin D, da wani sinadari da jiki ke samarwa daga bitamin A. Tun da tantanin ƙwaya maiƙo ne, su kuma a maiƙo suke narkewa, sai su ratsa shi ba tare da neman izini ba. Makarɓansu a ciki suke. Da zarar homon ya haɗu da makarɓinsa, sai makarɓin ya sauya siffa, galibi ya nemi ɗan'uwansa su haɗu biyu, su zauna a kan kundin gadon kansa, su kira wasu furotin mataimaka, su buɗe wasu umarni su rufe wasu. Makarɓin da ya karɓi saƙo shi ne kuma mai zartar da shi. Waɗannan su ake kira makarɓan cibiya, kuma ɗan Adam yana da iri 48.

Bari in ɗan ratse. Yawancinmu mun taɓa ganin aikin waɗannan makarɓa da idonmu ba mu sani ba. Wasu daga cikin ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu a kasuwa, da wasu mayukan bilicin, sinadarin da ke cikinsu ɗan'uwan kotisol ne. Shi ya sa za ka ga fuska ta cika ta yi fam, fata ta yi sirara ta tsattsage, sukari da hawan jini su biyo baya. Ban ce suna kawo sankara ba, kada a ɗauke ni haka. Abin da nake so a gane shi ne ƙarfin saƙon da ke shiga cibiya: man da aka shafa a fata yana iya sauya yadda jiki duka ke tafiya.

Mu koma kan nono. Labarin ya fara ne tun kafin a san akwai wani abu wai shi homon. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan akwai wani likitan fiɗa, George Beatson, wanda ya daɗe yana nazarin yadda dabbobi ke kawo nono. Ya samu labarin cewa makiyaya a wasu ƙasashe suna cire wa saniya gidan ƙwai bayan ta haihu, sai ta daɗe tana ba da madara. Ya ce ashe akwai wata magana tsakanin gidan ƙwai da hantsa, alhali ba jijiyar da ta haɗa su. A 1895 ya cire gidan ƙwan wata mata mai shekara 33 wadda sankarar nononta ta dawo bayan aiki, ƙullutun ya motse, ya kuma wallafa sakamakon a 1896. Sauran likitoci suka bi sawunsa. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, cikin mata uku, kusan ɗaya ce kawai take samun sauƙi. Me ya sa wannan ta amfana, waɗancan biyun aka yi musu fiɗa a banza? An shafe fiye da shekara sittin ba amsa.

An tace sinadarin istrojin a 1929. Amma wanda ya warware ƙullin shi ne Elwood Jensen na Jami'ar Shikago. A 1958 ya sa wa istrojin wata alama mai fitar da tururin da na'ura ke iya bi, ya ba ɓeraye mata, ya duba inda ya tafi. Sai ya ga bai tsaya a tsoka ko huhu ba, a mahaifa ya taru ya zauna, kuma bai sauya ba. Wato akwai wani abu a ƙwayoyin mahaifa da ke kama shi ya riƙe. Wannan abu shi ne makarɓin istrojin. Daga baya Jensen ya nuna cewa wasu ƙullutan sankarar nono suna da wannan makarɓi, wasu ba su da shi, kuma masu shi ne ke motsewa in an yanke musu istrojin. A tsakiyar shekarun 1980 Ronald Evans a Kalifoniya da Pierre Chambon a Sitirasbog ta Faransa suka karanto umarnin gadon da ke gina waɗannan makarɓa, aka ga ashe dangi ɗaya ne, tsarin gininsu iri ɗaya. Su ukun sun raba lambar yabo ta Lasker a 2004.

To yaya istrojin, wanda Allah Ya sa ya zama sinadarin girman 'ya mace da haihuwarta, yake zama abincin cuta? A nan ina so a natsu. Istrojin ba guba ba ne. Aikinsa a nono shi ne ya ce wa ƙwayoyin hanyoyin ruwan nono su hayayyafa, kuma kowane wata yana faɗin haka. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafi kundin gadonta gaba ɗaya, kuma kwafi ba ya rasa kuskure jefi-jefi. Yawancin kurakuran jiki yana gyarawa. Amma in aka yi rashin sa'a kuskure ya faɗa kan umarnin da ke tsayar da ƙwaya, wani kuma ya ƙaru a kai bayan shekaru, sai a samu ƙwayar da ta ɓaci amma har yanzu tana da makarɓinta. Daga nan duk istrojin da ya zo, ita yake yi wa aiki.

Wannan ne ya sa abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar suke da kama da juna: fara al'ada da wuri, jinkirin ɗaukewarta, da ƙiba bayan al'ada ta ɗauke, domin kitse yana da wani sinadari mai suna aromatas da ke ƙera istrojin ko bayan gidan ƙwai ya daina aiki. Shan giya ma yana ciki. Shayarwa kuwa tana ragewa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Ragi ne, ba kariya ba ce gaba ɗaya. Mace mai 'ya'ya goma da ta shayar da kowanne shekara biyu tana iya kamuwa, don haka kada wata ta ji ƙullutu ta ce ai ni na shayar.

(Kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin kiwon lafiya.

Yanzu ga 'yar ƙwayar nan da muka fara da ita. Sunanta tamoxifen. Wata masaniyar haɗa sinadarai, Dora Richardson, ita ta haɗa shi a kamfanin ICI na Ingila a 1962, kuma maganin hana ɗaukar ciki ake nema. A ɓeraye ya hana, a mata kuwa sai ya riƙa taimaka wa ƙwai ya fito. Saura kaɗan kamfanin ya watsar da shi. Shugaban binciken, Arthur Walpole, ya nace a gwada shi a kan sankarar nono, aka gwada a asibitin Christie da ke Manchesta, aka fara sayar da shi a Birtaniya a 1973, Amurka ta amince da shi a 1977. Yadda yake aiki: yana kama da istrojin, sai ya shiga ya zauna a gurbinsa a jikin makarɓin, amma ya murɗe siffar makarɓin ta yadda mataimakan nan ba za su iya mannewa ba. Gurbi ya cike, umarni bai fita ba.

Alƙaluman da masana a Oksfod suka tattara daga gwaje-gwaje masu yawa sun nuna cewa, ga matan da sankararsu ke da makarɓin istrojin, shan tamoxifen shekara biyar yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Ga waɗanda ba su da makarɓin kuwa, kusan ba ya ƙara komai. A ganina, cikin duk magungunan sankara da wuya a samu wanda ya ceci rayuka da araha irin wannan, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Amma yana da nasa halin. Maganin da ke toshe makarɓi a nono, in ya je mahaifa sai ya ɗan buɗe shi, saboda mataimakan da ke cikin ƙwayoyin mahaifa daban ne. Shi ya sa yake ɗan ƙara haɗarin sankarar bangon mahaifa, musamman ga waɗanda suka manyanta, yana kuma iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Duk mai shan sa da ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Mai ciki ba ta shan sa. Ga matan da al'adarsu ta ɗauke akwai wata hanyar, wato magungunan da ke hana kitse ƙera istrojin, irin su anastrozole da letrozole.

Maza, kada ku ce zancen mata ake yi. Da farko, kimanin ɗaya cikin 100 na masu sankarar nono maza ne, kuma yawancinsu tasu tana da wannan makarɓi. Na biyu, kuna da taku. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙulli, furostet, wanda testosteron ke ciyar da shi ta hanyar nasa makarɓin. A 1941 Charles Huggins, shi ma a Shikago, ya nuna cewa in aka cire wa mai sankarar furostet da ta bazu 'ya'yan maraina, ciwon ƙashin da ya hana shi barci yana lafawa, cutar ta ja da baya. Ya samu lambar Nobel a 1966. Yau akwai allurar da ke yin wannan aiki ba tare da fiɗa ba, kodayake fiɗar ta fi araha kuma sau ɗaya ake yin ta. Na san magana ce mai nauyi ga namiji. Amma dattijon da fitsari ke yi masa gardama, ga ciwon baya da ƙugu da ba ya jin magani, gara ya ji wannan zance daga bakin likita da wuri.

Sai dai sankara ba ta zama wuri ɗaya. Bayan wata da watanni ko shekaru, cikin miliyoyin ƙwayoyin nan sai a samu 'yan kaɗan da suka samo dabara. Wasu su ninka yawan makarɓansu har ɗan digon homon da ya rage ya ishe su. Wasu su fara ƙera homon da kansu. Wasu kuma makarɓin nasu ya sauya siffa ya riƙa aiki ba tare da wani homon ba sam. Wani lokacin ma saƙon zaure ne yake zagayowa ya tayar da makarɓin cibiya, domin hanyoyin biyu suna magana da juna. Saboda haka aka ƙirƙiro sababbin magunguna: abiraterone a 2011 da enzalutamide a 2012 don furostet, da fulvestrant wanda ke sa ƙwaya ta rushe makarɓin istrojin ɗungurungum. Suna ƙara kwana, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu, wannan gaskiya ce.

Akwai wani labari daga ƙasar Sin da ba na son mu tashi ban ba ku ba. Wata irin sankarar jini ce da ake kira APL, wadda a da takan kashe mutum cikin makonni ta hanyar zubar jini. A cikinta wasu sassa biyu na kundin gado, na 15 da na 17, suna karyewa su haɗe a karkace, sai makarɓin sinadarin bitamin A ya manne da wani furotin daban. Aikin wannan makarɓi shi ne ya ce wa jariran fararen ƙwayoyin jini a ɓargo su girma. Da ya lalace sai ya danne umarnin, ƙwayoyin su tsaya a ƙuruciya suna ta yawaita. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita a birnin Shanghai, Wang Zhenyi, ya ba marasa lafiya wannan sinadari da yawa. Ƙwayoyin sankarar ba kashe su aka yi ba, girma suka yi, suka tsufa, suka mutu kamar sauran. Da aka haɗa shi da sinadarin arsenik, wanda likitocin birnin Harbin suka fara amfani da shi, sai ga fiye da 90 cikin 100 suna warkewa. Kada wani ya ji haka ya je kemis ya sayi bitamin A. Maganin daban ne, cutar ma iri ɗaya ce tak cikin sankarorin jini masu yawa.

To ina mu a cikin wannan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar nono a duniya, kimanin 670,000 suka rasu. A Nijeriya ita ce kan gaba cikin sankarorin mata, furostet kuma kan gaba a na maza. A Turai da Amurka, kusan bakwai zuwa takwas cikin goma na sankarar nono suna da makarɓin istrojin. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Shikago, ita da abokan aikinta sun nuna cewa a matan Afirka ta Yamma an fi samun nau'in da ba shi da makarɓin istrojin, ba na furojestaron, ba HER2, kuma yakan kama mata da sauran ƙuruciyarsu. Wasu nazarce-nazarcen a Nijeriya kuma sun samu masu makarɓin da yawa fiye da haka. Ɗaya daga cikin dalilan wannan saɓani abu ne da ke hannunmu: yadda ake kula da tsokar da aka yanko.

Makarɓi furotin ne, yana lalacewa. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa ita ce a sa tsokar cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya da yanko ta, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka bar ta a kan tire cikin zafin Afrilu, ko aka ba dangi ita a roba da ruwan da bai dace ba suka yi kwana da kwanaki kafin su kai ta ɗakin gwaji, makarɓin zai ɓace, sakamako ya fito cewa babu, alhali akwai. Matar da tamoxifen zai yi wa amfani sai a hana ta. A ɗaya gefen kuma, akwai wuraren da ake rubuta wa kowace mace shi ba tare da gwaji ba, wadda ba ta da makarɓin ta yi ta sha tana ganin tana kan magani.

Na san abin da ake faɗa a gari, cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne, akasarin masu zuwa asibiti sai bayan cutar ta riga ta bazu suke zuwa, sai a ɗora wa allurar laifin abin da ya riga ya faru. Ɗan abin da ake ɗebowa da allurar nan shi kaɗai ne zai faɗi ko sankara ce ma tukuna, in ita ce kuma wace iri.

Don haka 'yar'uwa, ko maigidan da ya raka ta, in an yi aiki ku tambayi likita: an kai tsokar ɗakin gwaji? An duba makarɓin istrojin, da na furojestaron, da HER2? A takardar sakamako za ku ga an rubuta ER, PR da HER2, kowanne da alamar akwai ko babu. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, suna da sashen binciken tsoka, kuma a can ko ta hannun likitanku za a gaya muku inda ake wannan gwaji. Ku adana takardar, domin duk likitan da zai gan ku nan gaba ita zai fara nema. Wadda aka ɗora a kan ƙwayar kuma, kada ta daina don ta ji garau, ko don zafin jiki da gumin dare sun dame ta. Ta faɗa wa likita, akwai abin da za a yi. Shekara biyar ake faɗa, wasu ma har goma, domin irin wannan sankara tana iya lafewa a ɓargo shekaru masu yawa kafin ta motsa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko zancen HER2 da muka ajiye a zaure, tare da amsa tambayoyin da kuka aiko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.